Mai Shiga Tsakiya

Inusah ɗan zangon Kumasi ne, kuma tura kaya ne ya kawo shi Guangzhou. Yana da ɗan ofis a wani bene a Liuhua Lu, inda 'yan kasuwar Ghana da na Kano suke kawo masa kwalayensu ya haɗa musu a kwantena ya tura gida. A cikin masu kawo masa aiki akwai wani Basine mai masana'antar jakunkuna a Shiling, Mista Fang, mutum mai fara'a da son surutu. Shi ne ya dubi faɗin kafaɗun Inusah wata rana ya ce lallai sai ya zo ya ga wasan da suke yi ranar Lahadi.

Ƙwallon Amurka ce, wadda ake ɗauka da hannu, mai kama da gwanda. Mutum ɗaya yake jefa ta, wasu su ruga su cafe, 'yan bayan ɗaya ƙungiyar kuma su yi ta ƙoƙarin kayar da duk wanda take hannunsa. Ƙananan ƙungiyoyi ne na masu sha'awa, Sinawa da baƙi a gauraye, ba wanda ake biya, kowa da kuɗinsa yake sayen hular kwano da kariyar kafaɗa. Inusah ya je kallo, ya ƙare da shiga. Ya daɗe yana yi wa ƙungiyar Mista Fang, wadda ake ce wa 'Yan Liwan, aikin da ba kowa yake so ba, wato shiga tsakiyar fili, inda ƙarti suke jira, ya cafe ƙwallo ya karɓi dukan da ya biyo baya.

Dukan ƙarshe da ya karɓa ba ya ma tuna shi. An ce masa ya yi tsalle, wani ya same shi a haɓa, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Tun daga nan hasken fitila mai ƙarfi yake sa masa ciwon kai, har ya saba zama da baƙin tabarau a cikin ofis. Wani lokaci yana cikin magana da abokin ciniki sai kalma ta ɓace masa, ya yi ta lalube. Likita ya ce ya bar wasan, ya bari. Amma bai iya barin filin ba, sai ya koma tsayawa a gefe kusa da Mista Fang yana koya wa masu cafewa, kuma a kan wannan fanni maganarsa ce ake bi.

Kowace shekara kafin a fara gasa ana tara sababbin masu son shiga a gwada su, sannan ƙungiyoyi su zaɓa bi da bi, wadda ta zo ta ƙarshe bara ita take fara ɗauka. 'Yan Liwan ne suka zo na ƙarshe. Ranar gwajin, a wani fili da suke haya a bayan gari, Mista Fang ya ja Inusah gefe yana magana da Turancinsa mai gutsure-gutsure haɗe da nuni da hannu.

“Masu gudun gefe muna da su har sun yi yawa,” in ji shi. “Kowa yana so ya ruga can nesa ya cafe a tafa masa. Idan muna neman 'yar tazara kaɗan a tsakiya, wa za mu jefa wa? Me yo! Babu. Tun da ka bari, babu. Ka samo mini irinka.”

Mutum biyu ne suka fi fice a masu cafewa. Na farko Dogara, ɗalibi daga kudancin Kaduna, siriri, in ya saki ƙafa ba mai kamo shi. Amma Inusah ya lura da wani abu: da zarar Dogara ya ji takun mutum a bayansa sai ya ɗan runtse ido, ƙwallon ta daki ƙirjinsa ta faɗi. Na biyu Abdulbaƙi, Bakano mai saro jakunkunan mata a Shiling yana tura wa shagon yayansa a Kwari. A gida gola ne shi, ya yi shekaru yana tsaron raga a unguwarsu. Ba shi da gudu sosai, amma tafin hannunsa kamar faifai, kuma ko mutum biyu suka nufo shi ba ya ɗauke ido daga ƙwallo. Aka jefa masa a sama ya cafe, aka jefa a ƙasa ya kwanta ya cafe, wani ƙato ya bangaje shi ya tashi yana dariya da ƙwallon a hammata.

Mista Fang ya daki Inusah a baya don murna. Inusah kuwa bai taya shi murna ba. Shi ne ya fara kawo Abdulbaƙi filin nan kallo. Sun shaƙu tun ranar da Abdulbaƙi ya fara kawo masa kaya yana yi wa Hausarsa ta zango dariya, har ya zama kamar ƙanensa. Da ya ga yadda ya tashi yana dariya bayan bangazar nan, sai ya tuna shi ma haka yake tashi a da.

A makon nan Abdulbaƙi ya gayyace shi cin abinci a gidansa. Matarsa Surayya, wadda cikinta ya fara tsufa, ta yi tuwon shinkafa da miyar kukar da aka aiko mata daga Kano. Abdulbaƙi bai yi maganar komai ba sai wasa. Ya riga ya yi odar hular kwano, ya nuna hotonta a waya. Da ya tashi ya sauka ƙasa sayo ruwan sha, sai Surayya ta zauna a bakin kujera tana kallon Inusah.

“Yaya Inusah, in tambaye ka mana.”

“Ina ji, ƙanwata.”

“Wannan tabarau da ba ka cirewa ko a ɗaki, wasan nan ne ya jawo maka?”

Ya so ya ce ciwon ido ne, amma bakinsa ya ƙi. “Shi ne,” ya ce.

Ta murza gefen mayafinta. “Ni ban isa in hana shi ba, na yi magana har na gaji. Ba mu da kowa a garin nan sai Allah sai kai. Maganarka yake ji. Amana ce na ba ka.”

Kafin ya ba ta amsa suka ji takun Abdulbaƙi a matakala.

Aka yi zaman zaɓen a wani gidan shan shayi a Liwan, a wani dogon ɗaki na sama. Shugabannin ƙungiyoyi suka zauna a gaba, sababbin 'yan wasa a baya suna jiran a kira su. Abdulbaƙi ya zo da sabuwar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Da aka ce 'Yan Liwan su fara, Mista Fang ya nuna Inusah da hannu biyu yana murmushi, alamar shi ya bar wa maganar.

Inusah ya miƙe. Tun safe yake ta juya abin a ransa, ya kuma gamsar da kansa cewa in bai ɗauke shi ba, Abdulbaƙi zai yi fushi ya watsar da wasan gaba ɗaya, tunda don shi ya zo. Fushi kuwa yana wucewa.

“Dogara,” in ji shi.

Murmushin Mista Fang ya tsaya a fuskarsa. Dogara ya taso da murna yana gaisawa da mutane. Inusah bai kalli bayan ɗakin ba. Bai gama zama ba ya ji shugaban ƙungiyar da ke biye da su, 'Yan Huadu, yana ƙoƙarin furta sunan Abdulbaƙi da harshen Sinawa, yana tuntuɓe a kan harufan, mutanensa suna tafi. Abdulbaƙi ya tashi a hankali, ya wuce ta gaban Inusah bai dube shi ba, ya karɓi rigar da suka miƙa masa da hannu biyu.

Sai a lokacin Inusah ya ga abin da ya yi. Ya san 'Yan Huadu sarai. Mai jefa musu ƙwallo wani saurayi ne mai ƙarfin hannu da ƙarancin lura, yana cilla ta sama a tsakiyar fili ba tare da ya duba wa ke jiran mai cafewa ba. Bara kaɗai mutum biyu suka bar wasa saboda shi. Mai jefa wa 'Yan Liwan kuwa Inusah da kansa ya koya masa ya riƙa jefawa ƙasa-ƙasa a tsakiya, don mai cafewa ya samu ya duƙa ya kare kansa.

A kan matakala Mista Fang ya tare shi. “Me ya sa? Na ce maka irinka nake so.”

“Gudu ma yana da amfani, lawban,” in ji Inusah, wato maigida da Sinanci. Ko shi bai yarda da abin da ya faɗa ba.

Washegari Abdulbaƙi ya zo ofis da kwalayensa, ya sa aka auna su, ya sa hannu, ya juya zai fita.

“Abdulbaƙi, tsaya mu yi magana.”

“Maganar me, Yaya? Ka ga ban iya ba, ka ɗauki wanda ya iya. Ai shi ke nan.”

“Ka fi shi iyawa nesa ba kusa ba. Kowa ya gani.”

Abdulbaƙi ya juyo. “To me na yi maka?”

Inusah ya cire tabarau ya ajiye a tebur, ya nuna kansa. Ya gaya masa yadda yake kwana da ciwon kai, yadda ranar nan ya manta sunan unguwar da aka haife shi sai da ya zauna ya yi ta tunani. Ya ce aikin da Mista Fang yake nema aikin shan duka ne, kuma ba zai iya sa shi a ciki da hannunsa ba, ga iyalinsa a halin da suke. Bai ambaci cewa Surayya ta yi masa magana ba.

Yana tsammanin zuciyar Abdulbaƙi za ta yi sanyi, sai ga shi ta ƙara zafi.

“Wato ka zauna kai kaɗai ka yanke mini hukunci. Ka bar ni na sa shadda na zo na zauna a gaban mutane kamar sakarai. In kana jin tsoro ne, me ya hana ka faɗa mini tun kafin ranar? Ni yaro ne? Na bar Kano na zo ƙasar da ban san harshenta ba na tsaya da ƙafata, sai kai ne za ka ce ga abin da zan iya ɗauka?”

“To ka bar 'Yan Huadu. Yaron da ke jefa musu zai kashe ka.”

“Su suka so ni,” in ji Abdulbaƙi, ya fita.

Aka fara gasa. Dogara ya ci wa 'Yan Liwan wasa ɗaya da wani dogon gudu da ya sa kowa ihu, ya kuma zubar musu da wasu da dama. Duk lokacin da suke buƙatar 'yar tazara a tsakiya, Mista Fang sai ya kalli Inusah ya kau da kai. A can Huadu kuwa sunan Abdulbaƙi ya cika bakin mutane. Ana ta yawo da bidiyonsa a waya, yana tsalle tsakanin mutum biyu, ana kayar da shi yana tashi. Inusah yakan kalla a ofis, ya mayar baya ya sake kallo, yana duba inda kan Abdulbaƙi yake sauka. Surayya ta daina amsa gaisuwar da yake aika mata. Abdulbaƙi yana kawo kaya kamar kullum, su gaisa a tsaitsaye.

Da makon haɗuwar ƙungiyoyin biyu ya zo, Mista Fang ya tara 'yan baya a wurin atisaye ya ce Inusah ya gaya musu yadda za su tare abokinsa, tunda ba wanda ya san shi kamarsa. Inusah ya tsaya a gabansu yana jin kamar an ɗora masa buhu. In ya yi ƙarya ya ci amanar mutanen da suka yi shekaru tare, in ya faɗi gaskiya ya nuna musu inda za su same shi. Ya faɗi gaskiya. Ya ce Abdulbaƙi yana shiga ta hagu ya yanke zuwa tsakiya, ƙwallon tana zuwa masa a sama, dole ya yi tsalle. Sannan ya kama hannun A-Kun, wani ƙaton Basine mai koyar da motsa jiki, wanda shi yake tsaron tsakiya.

“Ka jira ya sauka. Ka kama shi a ƙugu. Ban da sama, ka ji? Ban da sama.”

A-Kun ya gyaɗa kai da gaske. Mutumin kirki ne.

Ranar Lahadin an yi yayyafi da safe, ciyawa tana santsi. Surayya ba ta zo ba. Abdulbaƙi ya cafe ƙwallo sau da yawa a zagayen farko, kowane karo A-Kun yana jira ya sauka ya rungume shi a ƙugu su faɗi tare. Inusah ya fara samun numfashi. Can bayan hutu, 'Yan Huadu suna baya da maki kaɗan, saurayin nan ya ruɗe, ya cilla ƙwallon sama fiye da kullum, kuma a makare. Abdulbaƙi ya yi tsalle ya miƙa hannu duka biyu, jikinsa a buɗe. A-Kun ya so ya ja birki, ƙafarsa ta zame a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya shige ƙarƙashinsa da dukan nauyinsa. Abdulbaƙi ya juya a sama ya sauko a kan kafaɗa da gefen kai.

Inusah bai san lokacin da ya shiga fili ba. Ya tarar da shi a kwance ba ya motsi, A-Kun a durƙushe kusa da shi ya dafe kansa da hannu biyu. Wasu suka so su cire masa hular, Inusah ya daka musu tsawa da Hausa da Turanci da ɗan Sinancin da ya iya, kada kowa ya taɓa wuyansa. Ya kwanta a ciyawa yana kiran sunansa yana salati. Da ƙyar Abdulbaƙi ya buɗe ido, ya dube shi kamar bai gane shi ba, sannan ya ce, “Yaya, a ina muke?”

A asibiti suka ce ƙashin wuyan kafaɗarsa ya karye, kansa kuma ya bugu, amma ba jini a ciki, lakarsa lafiya lau. Inusah ne ya kira Surayya, ya je ya ɗauko ta a tasi. Ba ta yi kuka ba har suka isa. Sai da ta shiga ta ga mijinta ta fito, ta same shi a kan benci a baranda.

“An ce 'yan ƙungiyarku ne.”

“Namu ne. Tsautsayi ne, ƙafarsa ce ta zame.”

“An kuma ce da a wurinku yake, ba za a jefa masa irin wannan ƙwallon ba.”

Inusah ya sunkuyar da kai. “Haka ne.”

“Ni na ce ka hana shi, Yaya Inusah. Ban ce ka miƙa shi ga wasu ba.” Muryarta ba ta tashi ba. Ta gyara mayafi ta koma ciki.

Abdulbaƙi ya yi makonni hannunsa a rataye. Lokacin kuwa na cinikin sallah ne, yayansa yana ta kira daga Kwari yana neman kaya. Inusah ya riƙa rufe ofis da rana yana ɗaukarsa a mota zuwa Shiling, shi yake ɗaga kwalaye, shi yake buɗe jakunkuna yana duba ɗinki da zif, Abdulbaƙi yana tsaye yana nuna wadda yake so da lafiyayyen hannun. A-Kun ma ya zo gidan Abdulbaƙi sau biyu da kwandon lemo ya duba shi. A hankali magana ta dawo tsakanin Inusah da Abdulbaƙi, ta kaya da farashin jirgi, ba wanda ya taɓo wasa.

Wata rana suna dawowa, cunkoso ya tsayar da su a babban titi, Abdulbaƙi ya ce, “'Yan Huadu sun sallame ni. Sun ce ba sa son rigima.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Inusah.

“Zan sake shiga zaɓe baɗi.”

Inusah ya gyara riƙon sitiyari yana kallon motar gaba.

“Kuma ku ne za ku sake fara ɗauka, tunda kun sake zuwa na ƙarshe. Ba roƙonka nake ba, Yaya. Gaya maka nake tun yanzu, don kada ka ce ba ka sani ba. In ba ku ɗauke ni ba wasu za su ɗauka.”

“Surayya ta sani?”

“Ta sani. Ta ce in na koma za ta tafi Kano da jaririn ta zauna sai an gama gasa.”

Motocin gaba suka ɗan matsa, Inusah ya bi su. Ya yi tunanin ya ajiye aikin koyarwar gaba ɗaya ya bar Mista Fang ya yi zaɓensa, amma ya san hakan ba zai cire Abdulbaƙi daga fili ba, kansa kaɗai zai cire.

“Zan ɗauke ka, amma sai likitan kai ya duba ka ya ce ka warke, kuma da ni za a je in ji da kunnena,” ya ce daga ƙarshe. “Kuma ƙwallon da ta wuce kanka ka bar ta ta tafi, ko da ita za mu ci gasa. Ranar da ka yi mata tsalle a tsakiya, ranar zan cire ka.”

“Na ji.”

“Ba ka ji ba. Ni ma haka na riƙa cewa.”

Abdulbaƙi ya yi 'yar dariya, ya dafe kafaɗarsa don zafi.

Da suka isa gida Inusah ya taya shi hawa da kaya har ƙofa. Surayya ta buɗe, ta karɓi ledar hannun mijinta, ta amsa sallamar Inusah a taƙaice ba ta ce ya shigo ba. Ya ajiye kwalin a bakin ƙofa, ya yi musu sai gobe, ya sauka. A cikin mota ya ga Mista Fang ya kira shi har sau biyu. Ya kifa wayar a kujerar gefe ya tayar da mota, don akwai kwantenar da za a rufe kafin magariba.